Haƙorin Makkan Hajiya Kulu

Kwanan baya wasu yara uku masu karatun aikin haƙori suka zo gaishe ni a gidana na unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi. Muna cikin hira sai ɗayansu, wani dogo mai yawan gyara hula, ya ce wai shi abin da ya sa ya zaɓi wannan fanni, babu tashin hankali a cikinsa. "Baba, ai haƙori ba ya kisa. Ka kama, ka girgiza, ka fizge, shi ke nan." Innalillahi! Na dube shi, na sake dubansa. Na ce, "To madalla, likitan fizga, gyara zama." Abin da na gaya musu ranar shi zan maimaita a nan, don na san irinsa suna da yawa.

A Sakkwato na koyi aikin nan, lokacin duk jiha ɗaya muke, ko auduga kake so sai ka rubuta takarda can. Maigidana Malam Bawa ne, wani gajeren dattijo da ba ya dariya kafin azahar. Wata shida cur bai bar ni na leƙa bakin mutum ba. Aikina in dafa ƙarfuna a kan risho, in jera su bisa farin ƙyalle, in kira sunan kowanne: madubi, tsinken bincike, hantsakin sama, hantsakin ƙasa, da ɗan ƙarfen da ake ɓanɓaro saiwa in ta karye a ciki. Da yamma ya miƙo mini sabulun wanki da 'yar wuƙa ya ce in sassaƙa masa matauni da saiwoyinsa uku. In na gama ya juya shi a hannu ya ce, "Wanga na jaki ne ko na mutum?" ya wurga shi cikin bokiti. Na fi wata uku ina cire haƙoran kan rago da nake karɓowa wurin mahauta kafin ya yarda na taɓa na ɗan Adam, shi ma wanda ya riga ya yi girgiɗi ne.

Abu biyu yake nanata mini har na gaji da ji. Na farko, haƙorin sama maƙwabcin ido ne, ido kuma ƙofar kai ne, don haka mugunya in ta taru a sama kada ka kwana da ita. Na biyu, kunya ka cire ta tare da takalmanka a bakin ƙofa, in ka tashi aiki ka ɗauki abarka. Na ce to. A lokacin ina jin na gane.

Mutum na farko da ya kaɗa mini hanta bayan an turo ni Birnin Kebbi wani manomin shinkafa ne daga Ambursa. Ya shigo yana murmushi, ya ce dubawa kawai yake so a yi, ciwon ya riga ya tafi. Da ya buɗe baki sai da na ja da baya. Cikin kumatunsa fari fat, fata tana saɓulewa, gefen harshe ya ƙone. Na ce, "Subhanallahi, mi ka sa?" Ya ce ruwan batirin mota ya ɗiga a auduga ya cusa cikin ramin, wani direba ya ba shi shawara. "Kuma wallahi zahin ya tsaya, likita." Na ce ƙwarai kuwa, ɗakin da ya ƙone ai ya daina yoyo. Ramin nan da ya zo da shi tun farko, kankare ruɓar kawai zan yi da inji, in wanke, in busar, in danna masa cikon azurfa, ya koma fadamarsa ya ci rakensa. Ranar haƙora biyu na cire masa, kuma ya yi mako uku yana shan kunu.

Likita suke ce mini, amma ni ba likita ba ne. Likitan haƙori daga Sakkwato yake leƙo mu, wani lokaci wata ya wuce ba mu ga ƙeyarsa ba, don haka komai a kaina yake. Ni ke wanke dattin goro da na taba da ya daskare a gindin haƙori har dasashi yana jini. Ni ke ciko, ni ke cirewa, ni ke yin haƙoran roba. Masuntan Argungu kuwa ko ba su faɗi sana'arsu ba ina ganewa, don duk wanda ya shekara ashirin yana datse zaren koma da baki za ka ga 'yar tsaga a haƙoransa na gaba. In haƙoran suka zube sai in auna bakin da wani kwaɓi mai taushi, in zuba filasta ta fitar mini da siffarsa, in jera haƙoran bisa kakin zuma ɗaya bayan ɗaya, in dafa, in goge. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya hana mutum cin tuwo, kuma zai dawo ya ajiye maka abinka a kan tebur.

Sai haƙorin Makka. Ku yaran yanzu ba ku san darajarsa a wancan zamani ba. Mace ta dawo daga aikin hajji, kafin ta ce uffan murmushinta ya riga ya yi mata shaida. Maza su sa na azurfa, mata na zinariya. Abin da mutane ba su sani ba, hula ce kawai ake kifa wa haƙori. A goge lafiyayyen haƙori a rage shi, a kifa ƙarfen, a liƙe, cikin gaggawa, ga layin alhazai a baya. In bakin hular bai zauna daidai ba abinci ya riƙa shiga ta ƙasa, waje yana ƙyalli ciki yana ruɓewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce bayan an canja kuɗi, ga fari, ga kaya sun yanke. Na rubuta takarda Sakkwato har na daina ƙirgawa. Garin ciko ya ƙare, allurar kashe zafi ta rage 'yan ƙwayoyi a gwangwani ina ɓoyonsu kamar kayan gado, wuta kuma sai ta ga dama. Na jawo tsohon injin huda na ƙafa daga sito, irin wanda ake takawa kamar keken ɗinki, na sa masa mai na ci gaba da shi. A shekarar ne aka san maci tuwo, don miya ta ƙare ƙaf. A cikinta ne kuma Hajiya Kulu ta zo.

Hajiya Kulu mai banda ce a Argungu, aminiyar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Inna nake ce mata. Ranar wata Litinin da hantsi ta shigo da ƙunshin bandar tarwaɗa a takardar siminti, ta dire mini a tebur, ta zauna a kujera tana dafe da leɓe.

"Ummaru, haurena ka hana ni kwana. Ba ni magani in koma, na baro kihi bisa wuta."

Haure shi ne haƙori a bakin mutanenmu. Na ɗaga leɓen. Fiƙarta ta sama ta hagu ce, mai hular zinariya. Bakin hular ya yi baƙin zobe, sama da shi dasashi ya tasa ya yi ja, ga wari. Na ɗan ƙwanƙwasa da gindin madubi sai ta zabura har kallabinta ya zame. Ban buƙaci hoto ba, wanda dama ba mu da shi. Haƙorin ya mutu a cikin hularsa, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. Da a Sakkwato ne da lokacin wadata, ana iya wanke cikin saiwar a cike a bar mata abinta. A hannuna a shekarar nan magani ɗaya ne.

Na ce, "Inna, sai dai a cire."

"A cire mi?"

"Hauren, Inna. Ya ruɓe daga ciki."

Ta sauke hannunta daga baki ta dube ni sama da ƙasa. "Ummaru, shekara goma sha ɗaya ina bakin wutar banda, hayaƙi na cin idona, kahin Allah shi kira ni. Wanga haure can anka sa mani shi. Ni nig goye ka, ka jiƙa mani zane ba sau ɗaya ba, yau kai ka cewa ka cire mani Makka daga baki? In koma Argungu da giɓi, a ce mi?"

Ga takalmana can bakin ƙofa, amma kunyar tana tare da ni. Na ce a raina bari in yi dabara. Na taka injin ƙafa na huda hular ta baya, inda ba mai gani, har na isa cikin haƙorin. Ƙarfen ya huje da sauri fiye da yadda na zata, garin da ya fito ma launinsa bai kwanta mini ba, amma ban tsaya dubawa ba. Mugunya ta ɓullo ta ramin, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, ka gani? Ɗan albarka." Na ba ta 'yan ƙwayoyin maganin sha da nake da su. Na ce ramin nan a bar shi a buɗe, ta nan dattin zai riƙa fita, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kuma ranar Alhamis lallai ta dawo. Niyyata in ta dawo in lallashe ta a cire. Ta ce to.

Alhamis ta zo ta wuce. Wata Litinin ta wuce. Argungu ba nisa gare ta ba, kullum motoci na zuwa, amma ban je ba, ban kuma aika ba. Na ce jiki magayi, in ya matsa mata za ta zo da ƙafarta.

Ba ta zo da ƙafarta ba. Ranar kwana na goma sha ɗaya, rana tsaka, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofarmu, ɗanta Manu ya diro yana kiran, "Yaya Ummaru! Yaya Ummaru!" Manu masunci ne, ƙato, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ban taɓa ganin ya ruɗe ba sai ranar. Suka sauko da ita a tabarma. La'ilaha illallahu! Da ba don zanenta ba da ban gane ta ba. Gefen fuskar hagu ya kumbura tun daga leɓe har goshi, yana sheƙi, idon ya rufe ruf ya turo waje, hanci ya karkace. A kumatu ga tsagar ƙaho guda uku, wanzami ya riga ya gwada nasa. Jikinta zafi rau, tana ta cinikin kifi da mutanen da ba su nan.

Na sa madubi na leƙa bayan haƙorin don in ga ramin da na huda. Babu rami. Wani baƙin abu ne a wurin, ya daskare tauri.

Na ce, "Manu, mi ne ne wanga?"

"Danƙo ne, Yaya."

"Danƙon mi?"

"Wanda muka liƙe jirgi da gora da shi. Tac ce tsakin tuwo na shiga ramin, kuma tana tsoron zinariyar ta lalace. Sai na narka kaɗan na toshe mata, yau kwana tara. Ai ko ɗigon ruwa ba shi wucewa."

Gaskiya ya faɗa, ko ɗigo ba ya wucewa. Aikinsa ya yi mai kyau, irin wanda ubansa ya koya masa, duk inda ya ga huda ya toshe. Kwana tara ke nan mugunya ta rasa hanyar fita, sai ta nemi ta sama. Ni na ce a bar ramin a buɗe, amma ban gaya mata abin da zai faru in an rufe ba, don kada in tsorata Inna.

Na aika aka kira likitan asibitin, wanda ke duba kowa da kowa. Ya ɗaga fatar idon dama ya haska, ya taɓa wuyanta, ya ja ni gefe. Ya ce in kumburin nan ya tsallaka ɗaya idon, to ya shiga kai, sai dai addu'a. Ya ce in aka ɗauki hanyar Sakkwato da ita, ba za ta kai da rai ba. "Ka cire shi yanzu, ni zan tsaga in sa mata hanya."

Manu ya ji. Ya tare gaban kujera ya ce, "Yaya, Inna ta yi mani wasiyya tun muna gida. Tac ce ko ta mutu kar a taɓa hauren nan."

A nan ne maganar Malam Bawa ta dawo mini, a makare. Na ce, "Manu, dube ni. Ko haure ko Inna, ɗaya za ka koma da shi Argungu. Zaɓi, kuma kar ka daɗe." Ya dubi uwarsa, ya dube ni, sai hawaye. Ya zagaya bayan kujera ya rungume kanta a ƙirjinsa ya ce, "Bismillah."

To, likitan fizga, saurara. Na fasa ɗaya daga allurorin da nake ɓoyo na yi mata, ina sane cewa allura ba ta kama naman da ya cika da mugunya. Fiƙar sama ita ce mai saiwa mafi tsawo a bakin ɗan Adam. Na sa hantsaki na kama, na ɗan murɗa, sai hular ta zame ta faɗo cikin kwano, ƙwal. Abin da ke ƙarƙashinta ba haƙori ba ne, wani baƙin kututture ne mai laushi. Na sake kamawa ya marmashe a bakin hantsakin. Babu abin kamawa, ga saiwa can ciki, ga leɓe ya kumbura ya rufe mini hanya, ga tsohuwa tana ihu tana kiran sunan mahaifiyata. Na ɗauki ƙarfen ɓanɓara na riƙa cusa shi tsakanin saiwa da ƙashi, kaɗan kaɗan, don in na danna da ƙarfi ƙarfen ya kuɓuce, sama zai nufa. Gumi yana shiga idona ban da hannun sharewa. Na tsorata ranar, tsoron da ban taɓa yi ba a bakin aiki. Aka kira la'asar ina kai. Da saiwar ta motsa ta fito, abin da ya biyo bayanta sai da ma'aikaciyar jinya ta kau da kai, kuma ita ta shekara ashirin tana wanke gyambo. Likita ya tsaga ta cikin leɓe ya sa 'yar roba don sauran ya riƙa tsiyaya, aka kwantar da ita aka shiga yi mata allurar fenisilin.

Kwana huɗu, kowace safiya kafin in buɗe ɗakin aikina sai na je na duba idon dama. Ran na biyar na tarar da ita zaune tana faɗa da Manu wai kunun ba sukari. Kumburin ya saɓe a hankali. Da fatar idon hagu ta buɗe, likita ya haska fitila, ya sake haskawa, ya kaɗa hannu a gabansa. Idon yana nan a wurinsa, amma bai ƙara ganin komai ba.

Hular kuwa tana cikin kwano a ɗakina. Da na zo wanke ta sai na ga cikinta kore shar. Zinariya ba ta kore. Na goga gefen a dutse, ruwan zinariyar ya tafi, jan ƙarfe ya bayyana, irin wanda ake ƙera munduwa da shi. Na zauna riƙe da abin nan a tafin hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Ido guda, saura ƙiris rai, a kan abin da ko maƙerin bakin kasuwa ba zai tsaya dubawa ba.

Ranar da za a sallame ta ta aiko a kira ni. "Ummaru, ina haurena?" Na so in ce yana nan lafiya in yi shiru. Amma shirun da na yi na farko ga inda ya kai mu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa gefen gadon ta wajen dama, na buɗe hannu na nuna mata koren da ke ciki.

"Inna, ki yi haƙuri. Wanga ba zinariya ba ce. Jan ƙarhe ne anka shafa ma ruwa. Sun cuce ki."

Na zaci za ta yi salati. Ko gezau.

"Wa ya cuce ni? Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar da anka sa shi. Mai shagon ya nuna mani na zinariya ya nuna mani wanga. Guzurina ya ƙare ga tsarabar yara, wanga na iya." Ta miƙo hannu ta ɗauke shi daga tafina, ta goge shi da bakin zane. "Ko gwangwani ne, Ummaru, can anka sa mani shi. Ka san dabarar da za ka yi ka maida mani abina."

Bayan wata biyu, da wurin ya warke, na auna bakinta. Na tono ragowar garin roba da na ɓoye, na yi mata haƙori guda mai ɗan faranti da ke manne wa dasashi, na kankare koren nan tas, na toshe hudar da na yi, na kifa hular a kan haƙorin robar na liƙe bakinta yadda ko iska ba za ta shiga ba. Na koya mata ta cire shi in za ta kwanta ta sa a kofi da ruwa. Na ce wa Manu in na sake jin ya kusanci bakin uwarsa da danƙo, ni da shi ne. Ban taɓa goge aiki kamar yadda na goge wannan ba.

Da na sa mata, ta karɓi madubi ta kai shi wajen idon dama, ta ɗaga leɓe, ta juya kai hagu da dama. Ta ce, "Madalla. Allah shi yi maka albarka, ɗan ga."

Dogon yaron nan da na kai nan ya daina gyara hula. Ya ce, "To Baba, ai ka cece ta." Na ce a'a, kar ka yi mini kwalliya. Ta ƙara shekaru masu yawa tana bandarta a Argungu, kowa na ce mata Hajiya, haurenta na ƙyalli. Amma har ta koma ga Allah, in na je gaishe ta sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya kafin ta gane ni, don ta hagu ba ta ganin mai zuwa. Haƙori ɗaya ne, kuma a Litinin ɗin farko minti goma ya ishe ni in cire shi.